Hajiya, kada ki kwashe kuɗin nan daga banki saboda tsoron haraji

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce. Na yi wa gwamnatin jiharmu aiki shekara 35, na ajiye aiki shekara huɗu da suka wuce. Fanshona naira 78,000 ne a wata. Garatutina bai fito ba sai bara, na haɗa shi da ɗan abin da na tara na sayi shaguna biyu, kowanne ina karɓar hayar naira 300,000 a shekara. Ragowar kuɗin, naira miliyan 3 da ɗoriya, yana banki. Ina kuma zuwa wani asibitin kuɗi kwana uku a mako, suna ba ni naira 90,000 a wata. Watan jiya da fansho ya shigo sai na ga babu naira 6,400 a ciki. Babban ɗana ya ce sabon haraji ne, wai duk wanda kuɗinsa ya haura 800,000 a shekara sai an cire masa, kuma wai har kuɗin da ke ajiye a banki za a bi. Ya ce in kwashe in ba shi ya zuba a sana'arsa ta hatsi kafin a taɓa. A wurin tantance 'yan fansho kuma wani mutum ya ce in ba shi naira 15,000 ya yi min takardar yafe haraji. Wallahi barci ya ƙaurace min. Shin da gaske bayan duk harajin da aka yi ta cira a albashina, yanzu fanshon ma sai an cira?

Tsohuwar ma'aikaciyar jinya

Amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya saka miki da alheri a kan daren da kika raba a gefen gadon marasa lafiya.

Ki koma barcinki. Doka ba ta yarda a cire ko kwabo na haraji a fanshonki ba, kuma wannan magana ba daga wata sanarwar ofis ta fito ba balle wani ya wayi gari ya soke ta. A cikin Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 take. Sashe na 210, ƙaramin sashe na 4, ya ce fanshon wanda ya yi wa gwamnatin jiha aiki ba a sa masa haraji. Sashe na 173, shi ma ƙaramin sashe na 4, ya faɗi haka game da ma'aikatan gwamnatin tarayya. Duk wata doka da majalisa za ta yi, ƙarƙashin wannan kundi take, in ta ci karo da shi ita ce za ta faɗi. Ki rubuta wannan lamba ta 210 a takarda ki sa a jakarki, za ta yi miki amfani nan gaba kaɗan.

Sabuwar dokar da ɗanki yake magana a kai gaskiya ce, akwai ta. Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji guda huɗu ranar 26 ga Yuni, 2025, babbar cikinsu ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026. Batun naira 800,000 ma bai ƙirƙira ba: naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kai, abin da ya biyo baya har zuwa miliyan 3 kuma ana karɓar kashi 15 cikin 100, daga nan ya riƙa hawa har ya tsaya a kashi 25 ga masu samun sama da miliyan 50. Inda ya yi tuntuɓe shi ne ya ɗauka kowane irin kuɗi ake zubawa a wannan kwanon awo. Dokar da kanta ta jera abubuwan da ta tsame, kuma fansho da garatuti suna cikin jerin. Ko kafin ita, dokar fansho ta 2014 ta ce haƙƙin da aka biya mai ritaya ba abin haraji ba ne. Garatuti ne ma aka taɓa ja-in-ja a kansa, wasu hukumomin haraji na jihohi suna cewa suna da kaso, har a 2019 kotun sauraren ƙararrakin haraji ta yanke hukunci, a wata shari'a tsakanin wani kamfani da hukumar harajin jihar Abia, cewa babu haraji a kan garatuti.

Na fahimci abin da ya sa kalmar nan take tsinka zuciyar manyanmu. Wanda ya girma yana jin labarin yadda ake shanya magidanci a rana a ƙofar gidan dagaci saboda kuɗin haraji, ko yadda Fulani ke ɓoye shanu a daji gudun jangali, ba zai ji an ce haraji ya dawo ya kwana lafiya ba. Sai a 1979 gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka soke waɗancan a jihohinsu. Wancan haraji na kai ne, ko kana da shi ko ba ka da shi sai ka biya. Na yanzu a kan samu yake, kuma ba kowane samu ba.

To ina naira 6,400 ɗinki ta tafi? Bari mu bi lissafin ɗanki mu gani ko zai kai mu can. Naira 78,000 sau 12 ya ba da 936,000. A cire 800,000, saura 136,000. Kashi 15 cikin 100 na wannan shi ne 20,400 a shekara, wato naira 1,700 a wata. Kin ga ko da a ce maganarsa haka take, 1,700 za a cira, ba 6,400 ba. Lambar da kanta ta nuna cewa wani abu ne daban.

Ruwa ba ya tsami banza, kuma abubuwan da ke rage fansho sanannu ne. Akwai kuɗin ƙungiyar 'yan fansho. Akwai jihohin da ke cirar kuɗin inshorar lafiya. Akwai ragowar bashin ƙungiyar adashen ma'aikata ko rancen gida da ya biyo mutum har ritaya. Wani lokaci ofis kan ce an yi ta biyan mutum fiye da haƙƙinsa a baya, sai su fara zarewa kaɗan-kaɗan ba tare da sun gaya masa ba. Wani lokaci kuma fanshon ya shigo cif, banki ne ya yi nasa ciccire-cicciren: kuɗin saƙon alat, kuɗin kula da kati, da naira 50 ɗin nan ta hatimi da ke kan tura kuɗi daga naira 10,000 zuwa sama. Sannan akwai kuskuren mai shigar da lissafi a kwamfuta, akwai kuma hannun ɓera. Ba zan ce miki ga wanda ya same ki ba, takarda ce za ta faɗa.

Ki fara da banki, don shi ya fi sauƙi. Ki ce su buga miki bayanin asusunki na wata shida. Ki duba adadin da ya shigo da sunan fansho a kowane wata. In 78,000 ya shigo cif a watan jiya, matsalar tsakaninki da banki ce, kuma a nan teburin za a warware ta. In kuwa 71,600 ne ya shigo, sai ofishin fansho.

A nan nake so ki ɗan daure, domin na san halin 'yan fansho: a je a tsaya a taga, yaro sa'an jika ya ce "daga sama ne, Mama", a ce to Allah ya kyauta, a dawo gida. Kada ki tafi da baki kawai. Ki rubuta gajeriyar wasiƙa, layi biyar ya isa: sunanki, lambar fanshonki, adadin da kike karɓa, adadin da ya shigo, sannan ki nemi a ba ki bayani a rubuce na abin da aka cira da dalilinsa. Ki yi kwafi biyu, su buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan naki. Takarda mai hatimi ba ta ɓacewa kamar yadda magana ke bin iska. In wani ya buɗi baki ya ce miki haraji ne, ki ce masa ya rubuta hakan ya sa hannu, ki kuma tuna masa sashe na 210. Da wuya ki samu ma'aikacin da zai yarda ya rubuta. Ki kuma tambayi abokan ritayarki ko su ma an rage musu. In an rage wa kowa, magana ta zama ta ƙungiya, ku kai wa shugabannin reshenku na ƙungiyar 'yan fansho, muryar mutum ɗari ta fi ta mutum ɗaya. In aka yi wata guda shiru, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, tana da ofis a kowace jiha kuma ba a biyan ko sisi kafin ta saurari mutum.

Mutumin nan mai takardar yafe haraji kuwa, ɗan damfara ne, ba sai na yi kwana-kwana ba. Ba a sayar wa mutum yafiyar abin da dama ba a bin sa. Babu wata takarda da ɗan fansho yake buƙata kafin a bar masa fanshonsa. Lambar shaidar mai biyan haraji ma kyauta ce, kuma a sabon tsarin lambar NIN ɗinki, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ita ce ke tsaya miki. Irin waɗannan mutane wurin tantancewa ne kasuwarsu, domin sun san tsofaffi ne a gajiye, ga rana, ga tsoron a cire suna daga jerin biya. Naira 15,000 ɗin ma somin-taɓi ce. Abin da yake hari shi ne ya ce ki kawo BVN, wato lambar shaidarki ta banki, da katin banki da lambar da za a turo miki a waya "don a kammala rajista". Ranar da kika karanta masa wannan lamba, ranar miliyan ukun za ta yi fiffike. In kin sake ganinsa ki nuna shi ga jami'an da ke wurin, ki kuma gargaɗi ƙawayenki.

Yanzu ga ɓangaren da ba zai yi miki daɗi sosai ba, amma gara ki ji daga gare ni. Kariyar da doka ta ba fansho da garatuti ta tsaya ne a kansu, ba ta bin 'ya'yan da suka haifa. Garatuti ya shigo hannunki babu haraji. Da kika mayar da shi shago, shagon ya fara kawo haya, wannan hayar sabon samu ce, kuma tana cikin lissafi. Haka albashin asibitin kuɗin nan. Ritayar da kika yi a gwamnati ba ta mayar da shi fansho ba, ladan aiki ne kamar na kowane ma'aikaci.

Ga yadda naki zai kasance. Asibiti 90,000 sau 12, naira 1,080,000. Haya naira 600,000. Jimilla 1,680,000. A cire 800,000 da babu komai a kai, saura 880,000. Kashi 15 cikin 100 ya kama naira 132,000 a shekara, kamar 11,000 ke nan a wata. Fanshonki na 936,000 ko kusa da wannan lissafi bai zo ba. Da a ce yana shiga, da harajin ya kai 272,400, don haka waccan lamba ta 210 tana tsare miki sama da naira 140,000 duk shekara.

Kuma 132,000 ɗin ma shi ne ƙololuwa, zai iya sauka. Abin da kika kashe don shagunan su ci gaba da kawo haya, irin su gyaran rufi, fenti, ko ladan dillalin da ke karɓo miki kuɗi, ana cire shi kafin a yi lissafi, muddin akwai rasit. In kin kashe 100,000 a gyara, hayar da za a lissafa 500,000 ce. Ke da kika shekara 35 kina rubuta zafin jiki da bugun jini a fayil, ajiye rasit a leda ɗaya ba zai gagare ki ba. Akwai kuma rangwamen kashi 20 cikin 100 na kuɗin haya, har zuwa naira 500,000, ga wanda yake zaune a gidan haya. Ba ki faɗa min ko gidan kanki kike ba. In naki ne, wannan bai shafe ki ba.

Ki tambayi mai lissafin asibitin ko suna cire miki haraji daga albashi suna kai wa hukumar harajin jiha. Aikinsu ne su yi hakan, kuma a kan albashinki kaɗai zai kama naira 3,500 a wata. In suna cira, ki nemi shaida, domin za a rage shi daga cikin wancan jimillar. Akwai wuraren aiki da ke cira su riƙe a aljihunsu, sai ranar da mutum ya nemi takardar shaidar biyan haraji ya tarar babu sunansa ko'ina. Ragowar, wato na haya, ke ce za ki bayyana da kanki a ofishin harajin jihar da kike zaune, kafin ƙarshen watan Maris na kowace shekara. Ki je ofishin da ƙafarki ko ki tafi da wani cikin yaranki, ki biya ta banki, ki karɓi rasit na gwamnati. Kada ki miƙa tsabar kuɗi ga wanda ya zo ƙofar shago da jaka a hammata.

Na san za a samu mai ce miki wa ya san kina da shago, ki yi shiru abinki. Ni ba zan ba ki wannan shawarar ba. Shago ba ya ɓuya, mai haya yana da baki, kuma ranar da za ki sayar ko ki nemi takardar mallaka tambayar za ta taso, lokacin kuma da tara a kai. Mace mai shekarunki da mutuncinki ba ta buƙatar wannan tashin hankali a kan kuɗin da bai kai rabin hayar shago ɗaya ba.

Ga masu karatu da ke cikin tsarin fansho na karo-karo, wanda aka fara a 2004, inda yanzu ma'aikaci ke zuba kashi 8 cikin 100 mai ɗaukar aiki ya zuba 10: ku ma haka abin yake. Kuɗin da aka ba ku a dunƙule ranar ritaya da wanda ake biya wata-wata, ko ta kamfanin kula da fansho ko ta kamfanin inshora, babu haraji. Wuri ɗaya ne ake cira, shi ne in mutum ya yi ƙarin zubi na ganin dama sannan ya janye shi kafin ya cika shekara biyar, sai a karɓi haraji a kan ribar da zubin ya samar.

Saura maganar ɗanki, wadda a ganina ta fi ta harajin nauyi.

Kuɗin da ke kwance a asusu ba a yi masa haraji don yana kwance. Haraji na kan abin da aka samu ne, ba kan abin da aka ajiye ba. Miliyan ukunki garatuti ne, yau garatuti ne, baɗi ma garatuti ne. Abin da 'ya'ya suka turo miki na cefane ko na magani kyauta ce, ita ma ba ta cikin lissafi. Sai dai in kin sa kuɗin a ajiyar da ke kawo riba ko kin sayi hannun jari, nan ne ake cire kashi 10 cikin 100 na ribar tun daga tushe, uwar kuɗin kuma ba a taɓa ta. Sannan hukumar inshorar ajiyar banki, NDIC, tun 2024 ta ɗaga abin da take lamuncewa zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, don haka ko bankin ya durƙushe kuɗinki na cikin abin da za a biya. Ƙarƙashin katifa babu mai lamunce miki gobara ko ɓarawo, kuma ba mu manta wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 ba.

Ban ce ɗanki yana da mugun nufi ba. Mai yiwuwa shi ma a WhatsApp ya ji, ya tsorata, ya ga hanyar da zai jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: ya tsare miki kuɗi, ya kuma ƙara jari. Amma ki lura da yadda aka ɗaure maganganu biyu da igiya ɗaya. Tambayar ko za a cire haraji daban, tambayar ko kina son zuba jari a hatsi daban. Ta farko mun amsa ta. Ta biyu ki amsa ta da kwanciyar hankali, a ranar da babu mai ce miki yi sauri kafin a taɓa. Harkar hatsi tana da riba, tana kuma da shekarar da mai ajiya ke sayar da buhu ƙasa da yadda ya saya, ban da ƙwari da damshi. Kuma abin dariyar shi ne, kuɗin da ke banki babu haraji a kansa, amma ribar da zai kawo a kasuwar hatsi akwai.

Wannan miliyan uku ita ce ta ranar da ƙafa za ta ƙi zuwa asibitin kuɗin, ko ranar da fansho zai yi wata uku bai shigo ba, abin da duk ɗan fansho ya san yana faruwa. Ke kin fi ni sanin abin da kwana goma a gadon asibiti ke ci. In zuciyarki ta kwanta ki taimaka masa, ki ba shi wani kaso da in ya salwanta ba za ki shiga wani hali ba, a fayyace ko rance ne ko jari, a rubuta, a sa shaidu biyu, ƙannensa su sani. Ba rashin yarda ba ne, Alƙur'ani da kansa ya ce a rubuta bashi. Rashin rubutun ne ke raba 'yan uwa ranar rabon gado, wannan ya ce Hajiya ta ba ni kyauta, wancan ya ce ajiya ce. In za ki gaya masa, ba sai kin ce ya yi kuskure ba. Ki nuna masa lissafin 1,700 ɗin nan, ki ce ya raka ki ofishin fansho ya riƙe miki fayil. Batun zakkar kuɗin, in sun kai nisabi shekara ta zagayo, wannan ki tambayi malaminku, lissafinta daban ne da na gwamnati.

Tun da za ki je ofishin da wasiƙa a hannu, ki ƙara layi ɗaya a ƙasa. Wannan sashe na 210, a ƙaramin sashe na 3, ya ce a riƙa sake duba fansho duk shekara biyar, ko kuma duk lokacin da aka sake duba albashin ma'aikatan jiha, wanda duk ya riga zuwa. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, jihohi kuma suka bi da gyaran albashin ma'aikatansu. Ke kin ajiye aiki kafin nan. In 78,000 ɗin da kike karɓa yau shi ne adadin da aka yanka miki tun ranar ritaya, ki tambaye su a rubuce yaushe za a yi miki naki gyaran. Ina kyautata zaton abin da kike bi a nan ya fi 6,400 ɗin da ta hana ki barci.

Ki rubuto min abin da suka ce, Hajiya, tare da adadin da bayanin banki ya nuna.